Allon Da Ba Ya Barci

A hutun ƙarshen zangon farko aka kawo allunan, lokacin da babu malamin da zai ce uffan. Da aka dawo, Malam Taswira ya tura ƙofar ajinsa ya tarar an kafe wani ƙaton gilashi a kan baƙin allonsa, da kusoshi masu kaurin yatsa. Ba a cire tsohon ba, rufe shi aka yi, kamar yadda ake yi wa dattijo a taron dangi: a bar shi a kujerarsa, a zaunar da wani a gabansa. Abin da ya rage masa na rubutu da alli shi ne wani siririn fili a dama da wani a hagu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu biyu ba.

Taswira ba sunan yanka ba ne. Ɗalibai ne suka laƙaba masa tun da daɗewa, saboda yakan juya wa aji baya ya zana nahiya guda ba tare da ya ɗaga alli ba, yana zane yana kiran masu surutu da sunayensu. Labarin ƙasa yake koyarwa. Ya haura hamsin, shekarun da namiji ke neman tabarau alhali yana bisa goshinsa, ya kuma gwammace ya ɓata a hanya da ya tsaya ya yi tambaya.

An yi wa malamai bita ta wuni guda. Injiniyan kamfanin da ya kawo allunan, wani siririn mutum mai magana kamar mota na jiransa a waje, ya nuna musu yadda ake kunnawa, da yadda ake rubutu da yatsa, da yadda ake jawo hoto. Malam Taswira ya zauna a layin baya, inda ya shekara da shekaru yana hana ɗalibai zama. Wajen ƙarshe shayin da aka raba musu ya nemi hanyar fita, shi kuma ya lallaɓa ya zagaya. Da ya dawo ana tafi. A ɗan tsakanin nan ne aka nuna yadda ake kashewa. Gargaɗin ƙarshe kawai ya riska.

"Don Allah iyayena," in ji injiniyan, "kada wanda ya zare filogi. In kuka zare yana cikin sabunta kansa, ƙwaƙwalwarsa ta tafi ke nan, kuma kamfani ba ruwansa. Wanda ya zare, shi ya saya."

Ranar farko ya kunna lafiya lau. Duniya ta bayyana a fuskar gilashin, shuɗiya, tana juyawa a hankali, kafin mutum ya zaɓi abin da yake so. Bai zaɓi komai ba. Da aka tashi ya tsaya sai da yaran suka watse, ya shafa gefen allon sama da ƙasa kamar mai duba akuya a kasuwa, bai sami maɓalli ba. Ya kalli filogin, filogin ya kalle shi. Ya ce gobe zai tambayi wani. Amma tambayar da ba a yi a makon farko ba, a na biyu kunya ce, a wata na uku kuwa ta zama asirin gida. An haɗa allunan da batir na sola, don haka ko ɗauke wuta ba ta taimake shi ba. Allon ajinsa bai ƙara rintsawa ba.

Sai ya koyi zama da shi, yadda ake zama da maƙwabci mai kare. Ya riƙa rubuta kanun darasi a siririn filin dama, daga sama zuwa ƙasa, kalma ɗaya a layi. Zane kuwa a bayan ƙofa yake yi, don haka duk wanda ya makara ya turo ƙofa sai ya tafi da rabin nahiya. In yana bukatar nuna wata ƙasa, sai ya tsaya da sanda yana jiran duniyar nan ta juyo da ita.

"Ku yi haƙuri, tana hanya," yakan ce. "Ta tsaya shan mai."

Yaran sun sani sarai. Ajin ƙarshe ne, kuma shi ya ɗauko su tun suna ajin farko, tun wandunansu na jan ƙasa. Ya san wanda ba ya ji sosai da kunnen hagu, da wadda ba ta taɓa ɗaga hannu sai dai ta ɗan murza biro in ba ta gane ba, da tagwayen da ke musayar jarrabawa. Doka ta hana ɗalibi taɓa allon, kuma su ma ba su da niyyar koya masa kashewa, don a bayansa akwai 'yan ramuka da suke cajin wayoyin da doka ta hana su zuwa da su. Kowa ya rufa wa kowa asiri. Abu ɗaya yake so a duniyar aikin nan: ya raka yaran nan har bakin ɗakin babbar jarrabawa a ƙarshen shekarar karatu, ya tsaya a ƙofa yana karɓe musu takardun satar amsa, ya ga fitowarsu. Bayan nan ko gadin tanki aka ba shi ya yarda.

Ana cikin wata na uku aka karanta musu sanarwa a ofishin malamai. Ashe allunan 'yan rahoto ne. Kowanne yana aika wa ma'aikata yawan lokacin da ya yi a kunne da yawan taɓawar da aka yi masa. Malamin da aka ga nasa ya yi ƙasa, za a ɗauke shi zuwa cibiyar horo na wata uku, a ba wani ajinsa.

Malamin Lissafi, abokin zamansa, wanda suke raba tebur ɗaya da fanka ɗaya tun gashinsu na baƙi, ya zunguro shi.

"Mutumina, ka haɗa jakarka. Ni dai ina taɓa nawa safe da yamma kamar mai gaida suruki."

"Ni ma ina gaida nawa."

"Daga nesa ko? Jiya na wuce na ga kana zana kogi a bayan ƙofa. Na ce wannan in aka turo ƙofar nan ambaliya za a yi."

"Kai dai ka ji da 'x' ɗinka na lissafi da ka shekara talatin kana nema ba ka samu ba."

Malam Taswira ya yi dariya, amma ta baki ce kawai. Wata uku daidai yake da ragowar shekarar yaran. Shi kuwa tun ranar da ya kunna allon, yatsarsa ba ta sake sauka a kansa ba.

Da masinja ya zo ya ce Shugaba na kiransa, sai da ya tsaya ya goge alli daga hannunsa da kyau, kamar mai zuwa kotu. Shugabar makarantar mace ce mai tsari, ƙasa da shi a shekaru, wadda ba ta miƙewa don kowa. Ranar nan kuwa ta miƙe masa.

"Malam, zauna. A kawo maka ruwa?"

Nan ya san abin ya wuce yadda yake zato.

Ta juyo masa da fuskar kwamfutarta. Wasu sanduna ne a jere, gajeru gajeru kamar haƙoran mataji, sai guda ɗaya a ƙarshe da ta yi tsiri har ta kusa fita daga gilashin.

"Wannan kai ne," ta ce. "Ba a makarantar nan kaɗai ba, a duk yankin. Mai bi maka bai kai gwiwarka ba. Sun ce kana aiki da shi har ranakun hutu, har tsakar dare. Darakta da kansa zai zo ya ga darasinka."

Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon sandar. Tsawon lokacin da allon ya yi a kunne dai ya san dalilinsa. Taɓawar ce ta ɗaure masa kai, sai da ya tuna abin da mai shara ke sharewa a gindin allon kullum da safe: tarin ƙwari, masu fiffike da marasa shi. Tagar ajinsa ta baya gilashinta a fashe yake. Duk unguwar in dare ya yi babu haske sai na allonsa, kuma allon bai san bambancin yatsar malami da kan fara ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "akwai magana."

"Ina jin ka."

"Ban iya shi ba. Ko kashe shi ban iya ba, shi ya sa yake kunne. Masu taɓa shi kuwa ƙwari ne."

Shugaba ta tashi ta rufe ƙofa. Ta dawo ta zauna, ta haɗa yatsunta, ta dube shi yadda likita ke duban wanda ya zo da cutar da ya jawo wa kansa.

"Malam, ni ban ji abin da ka faɗa ba. Bari in gaya maka abin da na ji. Saboda sandar nan taka an sa makarantarmu a sahun farko na waɗanda za a gina wa ɗakin gwaje-gwaje. Shekara nawa muna roƙo, kai shaida ne. In ka buɗe baki, ɗakin ya tafi. Kai kuma lissafinka na gaskiya sifili ne, ka san inda ake kai masu sifili."

"Cibiya."

"Wata uku. Ajinka kuma in ba sabuwar malama."

"In na yi shiru fa?"

"In ka yi shiru, ka yi darasi ɗaya mai kyau, a tafa maka, kowa ya kama gabansa." Ta ɗan kau da ido. "Ina zato."

Wannan "ina zato" ya biyo shi har gida, ya zauna tare da shi a kan tabarma. Matarsa tana ninke wanki, ta saurari labarin tun daga shayin bita har zuwa ƙwari, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ajiye rigar da ke hannunta ta yi dariya har sai da ta share ido da gefen mayafi.

"Wato Baban yara, duk shekarun nan da kake wahala babu wanda ya san da kai, sai da fara ta sa maka hannu."

"Ke abin dariya ne a wurinki."

"To kuka zan yi? Mutumin da rediyon ɗakin nan in ya canza tasha sai ya jira auta ta dawo daga makaranta. Me ya hana ka tambaya tun farko?"

"Wa zan tambaya? Yaran da na koyar?"

"Da ka tambaye su da yanzu kana cikin masu haƙoran mataji, hankalinka kwance." Ta ɗauki wata rigar. "Ka je ka kashe abin nan. In sandar ta gajarce, Daraktan zai nemi wani gwanin."

Shawarar ta zauna masa. Washegari bayan an tashi ya ja Malamin Lissafi zuwa ajinsa, ya rufe ƙofa, ya yi tambayar da ta yi wata uku tana maƙale a maƙogwaronsa. Abokin nasa bai yi dariya nan take ba. Sai da ya sa hannu ƙarƙashin allon, ya ɗaga wani ɗan murfi da ba a gani sai an durƙusa, ya danna. Duniya ta ɗauke. Sannan ya nemi benci ya zauna ya yi dariyar a tsanake, kamar mai cin abincin da ya daɗe yana jira.

"A ƙasa suka sa shi," in ji Malam Taswira. "Wane mai hankali ne zai sa maɓalli inda sai an yi ruku'u?"

"Wanda gwiwarsa ke aiki."

Ya tafi gida ranar da sauƙi a ƙirjinsa. Kwana biyu allon na hutawa, shi ma yana hutawa. A na uku ya shigo da safe ya tarar da injiniyan kamfani a kan tsani, da jakar kayan aiki a buɗe, duniya kuma tana juyawa kamar ba abin da ya faru.

"Baba, ina kwana. Ofis ne suka ga allonka ya yi shiru, hankalin kowa ya tashi. Allon da Darakta zai zo gani. Na duba ban ga matsala ba, ina jin wani ne ya kashe maka shi don hassada."

"Haka mutane suke," in ji Malam Taswira.

"Kada ka damu, na gyara. Na rufe maɓallin daga ciki. Yanzu ba mai iya kashe shi sai daga ofishinmu." Ya sauko yana goge hannu, ya dube shi da girmamawa. "Wallahi Baba kai muke ba wa matasa misali. Ni kaina ban san me kake yi da shi da daddare ba."

"Ni ma wani lokacin mamakin kaina nake."

Saura hanya ɗaya. Ya yi ta juya ta a ransa har ranar ta zo: ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai tona ba. Zai koyar yadda ya saba, da alli da bayan ƙofa. Darakta mai ido ne, zai gani da kansa cewa an yi kuskure, ya ji kunyar faɗa, ya tafi shiru. Babu cibiya, babu tafi. A ganinsa dabara ce irin ta manya.

An share makaranta har inda ba a taɓa sharewa ba. An toshe tagar baya da kwali. Darakta ya iso da rakiyar mutum huɗu da mai ɗaukar hoto, babban mutum mai tattausar murya, wanda ya bar aji tun kafin a haifi yaran nan. Aka jera musu kujeru a baya. Shugaba ta zauna a gefensa, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

Darasin ranar shi ne dalilin da ya sa gefe ɗaya na dutse ke samun ruwan sama, ɗayan kuma ya bushe. Malam Taswira ya rufe ƙofa ya zana dutse a bayanta. Ya sa dogon ajin ya tsaya a matsayin dutsen, ya sa tagwaye su zama iska, suka taso daga teku, wato wajen kwandon shara, ɗauke da soso jiƙaƙƙe. Suna hawa benci ya ce su matse. Ruwa ya zuba a kafaɗar dogon ta dama. Da suka sauka ta hagu soson ya bushe.

"To mutanen wannan gefen me suka yi wa Allah?" ya tambaya.

"Ba su yi komai ba, Malam," in ji dogon. "Bayan dutse kawai suka zauna."

"Rubuta wannan, amma da turancin jarrabawa."

Ya hango mai biro tana murza bironta. Ya sake bayanin daga farko ta wata hanyar, bai kalle ta ba, har biron ya kwanta. Sannan ya ɗauki sanda ya tsaya gaban allon, aji duka suka yi shiru suna jiran duniya ta juyo da dogayen duwatsun da yake so. Da suka iso ya nuna, gefe kore, gefe ja. Matsalar ita ce ya manta da baƙin. Rabonsa da darasi mai daɗi irin wannan har ya manta, kuma sai da aka kaɗa ƙararrawa ya tuna cewa yau faɗuwa ya zo yi.

Darakta ya miƙe yana tafi a hankali, sauran suka bi.

"Kun gani?" ya ce wa 'yan rakiyarsa. "Abin da nake ta faɗa a ofis ke nan. Gwani ba ya danne-danne. Ya bar na'urar tana numfashi, ya haɗa ta da soso da ƙofa. Wanda bai iya ba shi ne zai yi ta latse-latse don a gani."

Malam Taswira ya ajiye sandarsa. Ya kalli yaransa, ya kalli Shugaba, ya ga ɗakin gwaje-gwaje a idonta. Duk da haka bakinsa ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ban iya shi ba."

Darakta ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Haka masana suke cewa. Ni ma kullum ɗalibi ne."

"Da gaske nake. Ko kashe shi..."

"To aikin daren fa? Wa ke yi maka?"

"Ƙwari, ranka ya daɗe."

Shugaba ce ta fara dariya, da ƙarfi, irin wadda ba a taɓa ji daga bakinta ba, har da buga jaka. Darakta ya kama, 'yan rakiya suka kama, mai hoto ya ɗauka. Yaran ne kaɗai ba su yi ba.

"Ga ilimi ga barkwanci," in ji Darakta. "Malam, irinka ba a barinsa a aji ɗaya. Zalunci ne."

Takardar ta iso kafin mako ya zagayo. An naɗa shi jagoran horar da malamai a kan sababbin alluna, a cibiyar horo, daga farkon wata. Wato inda ake kai masu sifili nan aka kai shi, sai dai su wata uku za su yi su dawo, shi kuwa ba a rubuta ranar dawowa ba. A ofishin malamai aka yi ta ba shi hannu. Malamin Lissafi, wanda sandarsa ta gaza kaɗan, yana cikin rukunin farko da za a tura masa.

"Ka ga ikon Allah," ya ce. "Ni na nuna maka maɓalli, kai za ka ba ni takardar shaida. Don Allah Malam a riƙa yi mana sassauci."

Malam Taswira ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tafi ma'aikata. Ya yi zaman benci tun safe har rana ta karkata kafin a shigar da shi. Bai roƙi a soke naɗin ba, ya san ba a mayar da kyautar manya. Cewa ya yi a bar shi ya kai yaransa jarrabawa, 'yan watanni ne, sannan a yi da shi yadda aka ga dama.

Darakta ya saurare shi da kyau, har ya cire tabarau.

"Ka burge ni, Malam. Wani da murna zai yi ya rabu da alli." Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. "Ai abin ma da sauƙi. Me ya sa muka kawo allunan? Za ka riƙa koyar da su daga cibiya, sau ɗaya a mako. Su gan ka a allo, ka gan su. Sabuwar malama ta riƙe sauran ranakun. Kai ne ma za ka fara, mu nuna wa duniya."

Malam Taswira ya miƙe. An ba shi abin da ya roƙa, a gaban shaidu, da murmushi. Ya yi godiya.

Ɗakin da aka ba shi a cibiya ba shi da taga, saboda haske na ɓata hoto. An manna wa bangon wani abu mai laushi kamar katifa don kada murya ta yi amo. Akwai tebur, da kujera mai juyawa, da kyamara a kan ƙafa uku, da ɗan gilashi a gabansa. A ƙasa an manna tef mai launin rawaya, injiniya ya ce kada ya wuce shi, in ya wuce kansa zai fita daga hoto. Ya zo da alli a aljihu bisa sabo. Babu inda zai goga shi.

Aka haɗa. Ajinsa ya bayyana a gilashin, duka ajin bai fi faɗin littafi ba, kawunan yaran kamar ƙwayar wake. Ya gane dogon saboda tsawonsa. Tagwayen kuwa ko a fili ma sai da lura.

"Ina kwananku," ya ce.

Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa. Yana tsakiyar faɗa na biyu amsar ta farko ta iso, suka yi karo a hanya. Sabuwar malama ta matso kusa har fuskarta ta cika gilashin, yarinya mai kirki da ƙoƙari, ta ce, "Muna jin ka, Baba, ci gaba. Sai dai bakinka na riga muryarka."

Ya ci gaba. Ya yi bayanin yadda kogi ke cin gefe ɗaya ya ajiye yashi a ɗayan, yana zana lanƙwasar da hannu a iska. Ya yi barkwancin da ya saba yi a wannan gaɓar, ya jira dariya, bai ji ba, ya wuce, sai ta iso bayan ya shiga maganar ambaliya. Ya miƙe don ya nuna da jikinsa, injiniya ya ɗaga hannu daga bayan kyamara ya nuna masa tef. Ya koma ya zauna.

A layi na uku, wajen bango, inda mai biro take zama, wani abu ya motsa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ko bironta take murzawa, ko kuda take kora, ko hoton ne ke rawa, ya kasa ganewa.

"Malama," ya ce, "duba min layi na uku, ta jikin bango. Hannunta."

"Wace, Baba?"

"Mai..."

Hoton ya tsaya cak. Sabuwar malama ta daskare da baki a buɗe, yaran suka zama ɗigo-ɗigo, wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana zagaya kansa. Injiniya ya leƙo, ya daddanna wani abu, ya girgiza kai.

"Sabis ne, Baba. Zai dawo. Amma lokaci ya ƙure, malamai na jiranka a babban zaure, sun cika."

"Ba ni minti biyu."

"Darakta ma ya iso."

Malam Taswira ya ci gaba da kallon layi na uku. Sannan, ko da za a dace muryar na isa can, ya gyara zama a cikin tef ɗin ya fara bayanin kogin daga farko, ta wata hanyar, a hankali, injiniya na tsaye riƙe da ƙofa.